Hanyar Illela: Na Raka Kawu Ƙonni

Kawu ya riga ni shiri. Da na fito bayan sallar Asuba na same shi zaune a zaure bisa buzunsa, ya ja rawani har bisa hanci saboda hunturu, ƙullin goro da turmin atamfa a gefensa, sandarsa jingine da bango.

"Ka makara," in ji shi, alhali ko ƙarfe shida ba ta buga ba. "Mai zuwa Illela ran Lahadi ba shi jiran rana ta hito."

Ƙonni za mu, cikin Nijar. Yayarsa, wadda mu yara muke kira Inna Babba, aure ya kai ta can tun ba a haife ni ba. Can ta haihu, can ta tsufa, can kuma Allah ya karɓi abinsa a ƙarshen 2023, lokacin da iyaka take rufe sakamakon juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli. Samarin gidanmu sun bi ta daji a kan babur sun samu sadakar uku. Kawu kuwa ƙugunsa ba zai ɗauki wannan jijjigar ba. Da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024 sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi, damina ta zo ta wuce yana jinya. Fiye da shekara ke nan yana ɗauke da abin a ransa, ba ya faɗa, amma duk wanda ya san shi ya san yana damunsa.

Mun isa Tashar Illela da ke cikin Sakkwato gari na wayewa. 'Yan kamasho suna ta kira, "Illela mutum biyu! Gwadabawa, Illela!", masu shayi sun hura wuta, 'yan kabu-kabu suna sauke fasinja da buhuna. Tsohuwar Golf muka samu, an ɗaure but ɗinta da igiya saboda kaya sun hana shi rufuwa. Na biya kuɗin kujerun gaba biyu don Kawu ya samu wurin miƙe ƙafa, ni na matsa a baya tare da wani mai sayen awaki, da wata mata mai goyo da za ta suna Araba, da wani saurayi ɗan Tawa da ke karatu a nan Sakkwato. Direba ya yi bisimilla, Kawu ya karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane, kowa ya shafa.

A takardun gwamnati sunan wannan titi A1. Daga Legas ya taso, ya bi Ibadan da Ilori, ya haye Kwara a Jebba, ya ratsa Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Jega da Tambuwal, ya shigo Sakkwato, sannan ya miƙe arewa. Guntun da ya rage daga nan zuwa bakin iyaka, kimanin kilomita 85, shi ne namu. Ban taɓa jin wani direba ya kira shi A1 ba. Hanyar Illela ake cewa, tsofaffi irin Kawu kuma su ce hanyar Ƙonni, don a saninsu ba a Illela take ƙarewa ba.

Da an bar gidajen ƙarshe na gari sai ƙasa ta gangara, a faɗa fadamar Rima. A nan mutum yake gane dalilin da ya sa Muhammadu Bello ya zaɓi tudun nan ya kafa Sakkwato a 1809: gari a bisa, ruwa da abinci a ƙarƙashinsa. Da sanyin safiyar nan fadama ta yi kore shar cikin hazo, fangalin albasa da tattasai da shinkafar rani, injinan ban-ruwa suna ta ɓaɓatu, mutane tsugune cikin laka tun kafin mu farka. Gulbin ya kwanta kamar bai san komai ba. Amma duk wanda yake Sakkwato a watan Satumba na 2010 bai manta da shi ba, shekarar da ambaliya ta cinye gadar Kwalkwalawa, har sai da masu zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka koma shiga kwalekwale. Wani sashe na ruwan nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar ta Maraɗi, ya sake dawowa Nijeriya kafin ya iso gare mu. Na faɗa wa saurayin Tawa haka, ya yi murmushi ya ce a makaranta sun karanta shi da sunan Gulbin Maraɗi.

Ba a jima ba muka shiga Kware. A Sakkwato yau in aka ce za a kai wani Kware, asibitin masu taɓin hankali ne yake zuwa a ran kowa. Asibitin yana aikinsa, Allah ya saka wa ma'aikatansa. Amma yana yi mini ciwo a ce wannan kaɗai muka riƙe game da garin da ya ga ɗaya daga cikin kwanaki mafiya nauyi a tarihin daular nan.

Malam Abdussalami Ba'are ne, almajirin Shehu Usmanu tun kafin jihadi, ya tara jama'arsa a Gimbana. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana ta kwashi mutane, ta biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya tsinke abin da ya rage tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, har aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Wato a kan mutanen Abdussalami wutar ta fara kamawa. Bayan an ci nasara sai ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Ya zauna a Kware, ya gina ganuwa, masu ƙorafi suka riƙa taruwa gare shi. Da Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817 sai ɓarakar ta fito fili. An yi ta musayar wasiƙu tsakaninsa da Sarkin Musulmi Bello, kowa yana kawo hujjarsa daga littafi, har aka kai inda takarda ta kasa. A farkon 1818 aka ci Kware, ya fita da rauni ya nufi Bakura, can ya cika. Bello da kansa ya rubuta labarin, ya sa wasiƙun abokin gabarsa a ciki, bai ɓoye zargin da aka yi masa ba.

Tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu ita ce wadda muka yi a cikin ƙasa da rabin sa'a. Ina kallon gefen titi ina tunanin manzanni bisa dawaki, takarda a cikin gafaka, suna kai da kawowa a wannan sarari. Ni a ganina bai kamata mu riƙa tsallake wannan babi ba in muna ba yara tarihi. Wanda ya yi nasara bai ji kunyar rubuta shi ba, to mu me zai sa mu ji kunyar karantawa?

Daga Kware gaba titin ya fara nuna shekarunsa. Gefunansa sun zaizaye, wasu wuraren kwaltar ta rage kamar tabarmar da gara ta ci, in babbar mota ta taho dole ƙaramar ta sauka cikin ƙura ta ba ta wuri. Mun wuce wata tirela da ta kwanta a gefe, albasa ta watse har cikin gona, yaran mota suna tsincewa suna mayarwa a buhu, mai kayan yana tsaye ya ɗora hannu biyu a ka. Sai kuma shingaye. Direbanmu ya riga ya ninke ƙananan takardun kuɗi ya jera su tsakanin yatsunsa, in mun iso sai ya rage gudu, ya ce "Ina kwana, yallaɓai," hannu ya fita ta taga ya dawo wayam. Ba wanda ya duba but, ba wanda ya tambayi ko su wa ke cikin motar.

"Baba, ka gani da idonka," ya ce wa Kawu. "In munka ƙara kuɗin mota a ce mun cika tsada. To wanga duka daga aljihun wa shika hita?"

Mai goyo ta ce daga nata. Ba wanda ya yi dariya, don gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan yanki yana bukatar tsaro na haƙiƙa. Kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa gabashin jihar a ciki wajen Isa da Sabon Birni, da masu makaman da suka ɓullo a Tangaza da Gudu. Direbobin hanyar nan da yawa ba sa yarda magariba ta same su a daji. Shingen da ba ya duba mota bai kare kowa ba.

A Gwadabawa muka tsaya aka sauke buhu biyu. Na sayo wa Kawu fura a wurin wata Bafulatana, ta dama da nono mai tsami a ƙwarya, ya sha da ludayi a hankali yana kallon tasha. Garin nan Muhammadu Maiturare ne ya kafa shi cikin shekarun 1880, yana Marafa, ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku. Ya zo ya tsare wannan kusurwa ta arewa, ya tara mutane suka sari daji suka zauna. Daga baya shi ma ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi. A cikin ƙasar Gwadabawa ɗin nan, in aka ratse daga titi wajen Cimmola, nan Degel take, inda Shehu ya zauna ya karantar, inda aka haifi Nana Asma'u, inda aka tashi aka yi hijira. Na leƙa ta taga ina neman ko da ɗan allo da zai shaida wa matafiyi haka, idona bai faɗa kan ko ɗaya ba. Na tambayi 'yan motarmu. Mai awaki ya taɓa zuwa ziyara yana yaro. Saurayin Tawa ya san sunan Degel sarai, amma ya ɗauka can wani wuri ne mai nisa. Motoci nawa ne suke wucewa nan kullum, cike da mutanen da ke ambaton Shehu safe da yamma?

Furar ce, ina jin, ta buɗe bakin Kawu. Tun daga Sakkwato bai ce uffan ba sai tasbihi, amma da muka bar Gwadabawa sai ya fara nuna wurare da kan sandarsa.

"Nan munka taɓa kwana, ƙarƙashin wata tsamiya. An sare ta. Ni da babanmu da jakkai huɗu. Goro muka kaiwa da baƙin zane, mu komo da kanwa da gishiri da dabino. Kwana biyu muna hanya, na ukku mu shiga Ƙonni da hantsi. Babu kwalta, babu komi, sai sawun raƙumman Azbinawa."

Na ce, "Kawu, to yaya kuke gane hanya?"

Ya juyo da kyar ya dube ni. "Kai yaro. Hanya ai rijiya taka bi. Inda ruwa yake nan zango yake, inda zango yake nan gari ka tashi. Masu kwalta sun zo sun iske sawunmu ne sunka shimfiɗa abinsu bisa."

Wannan magana ta zauna mini, don na taɓa cin karo da ita a wani wuri dabam, a tarihin iyakar da muke dosa. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka raba ƙasar da ba su mallaka ba. Aka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A lokacin ko ƙafar sojan Ingila ba ta taka Sakkwato ba, don sai 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya. Bisa wannan zane Ƙonni tana ɓangarenmu. Sai Faransawa suka tarar cewa in za su tashi daga bakin Kwara su je Damagaram ba tare da sun keta da'irar ba, dole su bi ta inda babu ruwa, mutane da dabbobi su halaka. Suka yi ta kuka har aka sake zama a 1904 aka janyo layin kudu, aka bar musu hanya mai rijiyoyi. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi ƙasa aka kakkafa alamomi. Ƙishirwar sojan Faransa ce ta sa yau Kawu yake bukatar katin shaida kafin ya je kabarin yayarsa. Da na ba shi labarin a taƙaice, sai ya gyaɗa kai kawai ya ce, "To, ka ji. Su ma rijiyar sunka biyo."

Ƙasa ta ƙara buɗewa, itatuwa suka yi ƙaranci, sai gawo da aduwa da karan gero a tsaye cikin gonaki. Tun da sauran tafiya muka fara cim ma masu zuwa kasuwa: garken tumaki, amalanken shanu, raƙuma a jere an ɗaure hancin wannan da wutsiyar wancan. Kawu ya yi nuni wajen Kalmalo ya ce a zamaninsu kifin tafkin nan har Sakkwato ake kai shi. Ruwansa daga kwarin Maggiya yake gangarowa, daga cikin Nijar, kuma tun da aka yi madatsun ruwa a can sama ba kullum yake cika kamar da ba.

Illela ran Lahadi sai wanda ya gani. Mota ba ta iya kutsawa, sai muka sauka muka taka. Kara ta cika ta batse: bajimai masu tozo, raguna Balami da Uda, jajayen awakin nan namu da fatarsu ta yi suna har ƙasashen waje, raƙuma a durƙushe suna tuƙa. Buzaye da baƙin rawani, Fulani da sanda a kafaɗa, Adarawa, Gobirawa, fataken kudu da suka zo lodin shanu zuwa Legas da Fatakwal. Na tsaya kusa da wani dillali ina kallon ciniki. Ya kama hannun mai saye ya ja shi gefe, ya koma ya kama na mai rago, "Albarka," "Ƙara dai," "Sallama mashi don Allah," har aka tafa. Mai ragon da sefa yake lissafi, mai saye da naira, dillali yana juya su a ka ba tare da ya taɓa waya ba. A gefe 'yan canji sun baje daurin kuɗi bisa tebur, ana ta jikka kaza, dala kaza. Gero da masara da siminti da kayan roba suna hawa arewa, dabbobi da wake da albasa da dabino suna gangarowa kudu.

Mai awakin motarmu, kafin mu rabu, ya ce mini sau biyu a 'yan shekarun nan yana ganin kasuwar nan ta zama kufai. Na farko daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, har aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Na biyu shi ne na 2023, wanda har wutar lantarkin da ake ba Nijar aka yanke. "Manya ka faɗa can bisa," ya ce, "mu ka kwana da yunwa nan ƙasa." Kaya ba su daina wucewa ba, in ji shi, sai dai sun koma bin daji da dare, kuɗinsu ya ninka, wanda ba shi da ƙarfin biyan ɗan babur ya zauna gida.

Yanzu maganar da ke bakin kowa a Illela ita ce sabon titi. A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, kilomita 1,068, ta kankare, wadda za ta taso daga nan ta ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun ta dire bakin teku. Ina fatan a gama ta, ina kuma fatan in hau ta da raina. Tirelolin shanu da albasa sun cancanci hanyar da ba za ta kayar da su ba. Sai dai ina roƙon kada a ce an samu sabuwa a yar da tsohuwa. Mai goyon nan da za ta suna Araba, da manomin Kware da zai kai tattasai Sakkwato, da mara lafiyar da za a ɗauko daga Gwadabawa da tsakar dare, ba Badagiri za su ba.

Ɗan Inna Babba na fari ya zo ya tarye mu a bakin iyaka da motar wani abokinsa. Da ya ga Kawu sai ya durƙusa har ƙasa, Kawu ya dafa kansa, ba wanda ya iya magana. Muka nuna katunanmu a wannan ɓangare, muka nuna a wancan, aka ɗaga sanda. Tufafin masu kaki ya sauya, rubutun alluna ya koma Faransanci, lambar motoci ta sauya. Gaisuwa dai ita ce, "Lahiya lau," da irin karin harshen da na baro a zauren gidanmu da asuba. 'Yan mintoci kaɗan muka shiga Birnin Ƙonni, inda hanyarmu ta haɗu da babban titin Nijar mai tasowa daga Yamai ya bi Doso da Dogon Dutsi ya wuce Maraɗi da Damagaram. Gaba kaɗan kuma wani reshe ya balle zuwa Tawa da Agadas. Garin nan ma ya sha nasa: a watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Bule da Shanwan ta ƙone shi ta karkashe mutane ba adadi, makonni kaɗan bayan karonsu da Sarauniya Mangu a Lugu. Ɗan Inna ya ce har yau akwai tsofaffin da ba sa son a tayar da zancen.

Kawu bai yarda a fara kai shi gida ba. Ya ce maƙabarta tukuna.

Kabarin yana can gefe kusa da wata aduwa, damina ɗaya ta riga ta kwantar da tudunsa, an kafa fasasshen tulu a wajen kai. Kawu ya miƙo mini sandarsa, ya cire takalma, ya zauna a ƙasa da kyar, ƙafar mai ciwo a miƙe. Ya yi sallama kamar yadda ake yi wa mutanen kabari, ya karanta Ƙulhuwallahu, ya daɗe yana addu'a ƙasa-ƙasa, mu muna amin. Da ya shafa sai ya ɗora tafin hannunsa bisa ƙasar, ya ce, "Yaya, ga ni na zo. Hanya ce anka ruhe."

Mun jima a nan har rana ta take tsaka. Da muka ɗaga shi ya karɓi sandarsa, ya share ido da bakin rawani, sai ya tambayi ɗan Inna ko rijiyar nan ta bakin gari, inda fatake suke shayar da jakkai, tana nan. Ya ce tana nan, sai dai gari ya cim mata, yanzu a cikin gidan wani take, an yi mata murfi.

"Mai gidan shina barin a shiga?"

"Shina bari, Kawu."

"To mu biya ta can. Goron ga, a ɗebi biyat a ba shi."